Tambayoyi da Amsoshi: Ɗan Katsina Mai Son Zama Masanin Fiziks na Ƙididdiga, Ta Ina Zai Bi?

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban kimiyya na Katsina da Dutsin-Ma da Daura suke yawan yi, wasu kuma daga bakin iyayensu suka fito. Duk sun shafi reshe guda na ilimin fiziks, wanda a jadawalin jami'a ake rubuta shi Statistical Mechanics, a nan kuma za mu riƙa ce masa fiziks na ƙididdiga.

Malam, wai me ake karantawa a wannan fanni?

Ɗebo ruwa cikin babban cokali, ka ɗan ƙara ya kai giram 18. Ƙwayoyin ruwan da ke ciki yawansu ya kai 6 da sifili 23 a bayanta. Kowace ƙwaya tana motsi, tana karo da 'yan uwanta. Iskar ɗakin da kake zaune ma haka take, ƙwayoyinta na gudun kusan mita 500 a daƙiƙa guda. Babu kwamfutar da za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ko da akwai, amsar ba za ta yi maka amfanin komai ba. Abin da kake son sani shi ne zafin ruwan, da lokacin da zai tafasa, da lokacin da zai daskare.

To, aikin fannin shi ne ya ɗauki dokokin da ƙwaya ɗaya take bi, ya haɗa su da lissafin yiwuwa, ya fitar da halin taron baki ɗaya. Abin mamakin kuwa, yawan da ya hana a bi su ɗaya-ɗaya shi ne kuma ya sa amsar take fitowa daidai. Ka jefa kwabo sau 100, za ka ga fuska ta fito wajen sau 50, da ragi ko ƙarin biyar haka. Ka jefa sau miliyan, ragin ko ƙarin ba zai wuce wajen 500 cikin 500,000 ba, wato ɗaya cikin dubu. Idan lissafi ya kai sifili 23, kauce wa matsakaici ya zama abin da ba ma'aunin da zai iya gani.

Ruwan randa da wannan lissafi yake sanyi. Ƙwayoyin ba gudu ɗaya suke yi ba: mafi yawansu matsakaita ne, kaɗan kuma masu tsananin sauri. Masu saurin su ne suke kuɓucewa ta jikin yumɓu su bi iska, su bar marasa sauri a baya, matsakaicin gudu ya ragu. Raguwar nan ita harshenka yake ji a matsayin sanyi. Shi ya sa randa ta fi aiki a busasshiyar iskar bazara da hunturu, da damina kuwa sai ta yi sanyin jiki, domin iska ta riga ta ƙoshi da danshi.

Su wa suka kafa shi?

James Clerk Maxwell ne ya fitar da yadda gudun ƙwayoyin iska yake rarrabuwa, a 1860. Ludwig Boltzmann, mutumin Ostiriya, ya ɗora a kai a 1872 da 1877, inda ya nuna cewa abin da ake kira entirofi ƙirga ne na yawan hanyoyin da ƙwayoyi za su iya jeruwa ba tare da kamannin abu a ido ya canza ba. Wannan lissafi, S = k log W, yana rubuce a jikin kabarinsa a Vienna. Boltzmann ya zama farfesa a Graz yana ɗan shekara 25, amma ya sha jayayya da manyan zamaninsa irin su Ernst Mach da Wilhelm Ostwald, waɗanda ba su yarda akwai ƙwayar zarra ba sam. Ya kashe kansa a 1906 a Duino, kusa da Trieste. Shekara guda kafin nan Albert Einstein, yana ma'aikacin ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a Bern, ya bayyana dalilin da ya sa ƙananan ɓurɓushi suke rawa a cikin ruwa, wato ƙwayoyin ruwan da ido ba ya gani ne suke ta bugun su, a 1908 kuma Jean Perrin ya auna a Faris ya tarar haka ne. Daga nan Ostwald ya sallama.

A Amurka akwai Josiah Willard Gibbs na Jami'ar Yale, wanda ya tsara fannin a littafinsa na 1902. An naɗa shi farfesa a 1871, ya yi shekara tara ba a biyansa albashi, sai da wata jami'a ta nemi ɗauke shi sannan Yale ta farga. Kada wani shugaban jami'a ya karanta wannan ya ɗauka shawara ce.

Ina aji biyu na babbar sakandare a Daura. Me zan riƙe tun yanzu?

Lissafi. Fiziks ɗin sakandare za a sake koya maka shi daga tushe a jami'a, amma wanda ya shiga da raunin aljabra zai yi ta jan ƙafa har ya fita. Idan makarantarku tana koyar da ƙarin lissafi, ɗauke shi. A JAMB, haɗin da aka saba shi ne Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri.

Akwai sashen fiziks a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da ke Katsina, wadda aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta 2011. Ga kuma ABU Zariya da Bayero a Kano da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Digirin shekara huɗu ne, fiziks na ƙididdiga kuma sai a aji uku ko huɗu ake isowa gare shi, bayan an yi ilimin zafi. Kafin nan ka ƙware a kalkulas da aljabrar jadawali da lissafin yiwuwa, ko da ta kama ka riƙa leƙa laccocin sashen lissafi ba tare da rajista ba. Ka kuma koyi rubuta manhaja, Python ta isa a fara da ita.

Na san da yawa ba su zaɓi fiziks ba, likitanci ko injiniya suka nema aka jefo su nan. Ba abin kunya ba ne. Amma ka yanke shawara da wuri, domin sakamakon aji ɗaya da aji biyu yana bin mutum har ranar neman tallafin digiri na biyu.

Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje na zamani. Ta yaya mutum zai yi bincike na gaske a nan?

Wannan ce tambayar da na fi so, domin amsarta ita ce dalilin da ya sa nake ganin fannin ya dace da mu. Mai binciken ƙwayoyin da suka fi zarra ƙanƙanta yana buƙatar na'urar biliyoyin daloli. Mai fiziks na ƙididdiga takarda da biro da laftof yake buƙata, sai sola ko batir da zai riƙe masa caji in an ɗauke wuta.

A 1924 Satyendra Nath Bose yana koyarwa a Jami'ar Dhaka, wadda shekararta uku kacal da buɗewa, ba shi ma da digiri na uku. Ya gano sabuwar hanyar ƙirga ƙwayoyin haske, ya rubuta 'yan shafuka, ya aika wa Einstein a wasiƙa. Einstein ya fassara takardar zuwa Jamusanci da kansa ya sa aka buga. Daga wannan ƙirga aka yi hasashen wani sabon hali na abu a matsanancin sanyi, wanda ba a iya samar da shi a ɗakin gwaji ba sai a 1995, aka kuma ba waɗanda suka samar da shi kyautar Nobel a 2001. Tsakanin biron Bose da na'urar da ta gaskata shi, shekara 71.

Ga abin da za ka iya gwadawa a makon nan. Zana jadawali mai gida 50 a tsaye 50 a kwance a cikin kwamfuta. Kowane gida ka sa masa +1 ko −1, wato ɗan ƙaramin maganaɗisu mai kallon sama ko ƙasa, wanda ya fi son ya dace da maƙwabtansa huɗu. Zaɓi gida ɗaya ba tare da bin wani tsari ba, ka lissafa ko juya shi zai rage kuzarin jadawalin. In zai rage, juya shi. In zai ƙara, ka juya shi wani lokaci kawai, gwargwadon zafin da ka sa. Maimaita sau miliyoyi. Za ka ga idan zafi ya yi yawa jadawalin a hargitse yake, amma da ka sauko ƙasa da 2.269 a ma'aunin lissafin, sai mafi yawan gidaje su juya fuska ɗaya. Abin da ƙarfe yake yi kenan idan ya huce ya sauko ƙasa da digiri 770 na Salshiyos. Wannan dabara a 1953 aka fitar da ita a cibiyar bincike ta Los Alamos da ke Amurka, a kan kwamfutar MANIAC wadda wayar da ke aljihunka ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Ana kiran irin waɗannan dabaru Monte Carlo.

Karatu ma ya samu. Laccocin Mehran Kardar na jami'ar MIT ta Amurka suna kan intanet kyauta, haka darussan David Tong na Cambridge. Sababbin takardun bincike kuwa kusan duk ana saka su a rumbun arXiv, wanda Paul Ginsparg ya kafa a 1991, kafin ma mujalla ta buga su.

To in ba kayan aiki ba ne matsalar, mece ce?

Kaɗaici, sai rashin lokaci.

Wannan ilimi a gaban allo yake girma, mutum biyu ko uku suna gardama, ɗaya ya rubuta ɗaya ya goge. Kuskuren da zai ci maka wata uku, abokin aiki zai gan shi kafin shayi ya huce. A sassan fiziks namu za ka tarar da masu nazarin ƙarƙashin ƙasa da masu nukiliya da masu hasken rana da masu lantarki, amma mai fiziks na ƙididdiga sau da yawa shi kaɗai ne a sashensa, wani lokaci a jihar ma. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Abdus Salam ya ɗanɗana wannan. Ya dawo Lahore daga Cambridge a 1951, ya tarar ba wanda zai yi maganar bincike da shi, a 1954 ya tattara ya koma Ingila. Abin bai bar ransa ba, shi ya sa a 1964 ya kafa cibiyar ICTP a Trieste ta Italiya, domin masanin ƙasa mai tasowa ya riƙa zuwa yana haɗuwa da takwarorinsa ba tare da ya bar aikinsa na gida ba. Har yau cibiyar tana da wannan tsari: malami yana jami'arsa, ana gayyatarsa ya je ya yi makonni ko watanni ya dawo. Salam ya sami Nobel a 1979.

Lokaci kuma, ƙaramin lakcara shi ake ɗora wa fiziks na aji ɗaya mai ɗaruruwan ɗalibai, da makin jarrabawa, da haɗa sakamako, da kula da aji. Ga biki da suna da ta'aziyya, waɗanda ba mai mutunci da zai guje musu. Lissafi irin wannan kuwa ba a yin sa a minti goma-goma, yana son awa uku a jere ba a ƙwanƙwasa ƙofa ba. Waɗanda na ga sun ɗore, bayan sallar asuba suke yi, kafin gari ya waye musu da hidima.

Digiri na biyu da na uku: a gida ko a waje?

Ra'ayina: inda akwai mai yin aikin, ko ina ne. Sunan jami'a bai kai wannan muhimmanci ba.

ICTP tana da difloma ta shekara guda ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa, da tallafin kuɗi, wadda aka tsara don ta shirya mutum shiga digiri na uku, kuma akwai sashe guda a can na nazarin daskararrun abubuwa da fiziks na ƙididdiga. Akwai reshenta a Kigali ta Ruwanda. AIMS, cibiyar kimiyyar lissafi ta Afirka wadda Neil Turok ya kafa a 2003 kusa da Cape Town, tana ba da mastas na shekara guda a kimiyyar lissafi, da ɗaukar nauyi gaba ɗaya, tana da cibiyoyi a Afirka ta Kudu da Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda. A gida akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka a Abuja, mai sashen fiziks na nazari, wato na biro da lissafi ba na ɗakin gwaji ba. Wanda ya riga ya kama aikin koyarwa a makarantar gwamnati ya tambayi ofishin TETFund na makarantarsu, domin sharuɗɗansu kan sauya, musamman game da karatu a waje. Ga kuma hukumar tallafin karatu ta Jamus, DAAD, da tallafin Commonwealth.

Mai yin digiri na uku a gida ya lissafa da yajin aiki. Na ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ya kuma yi ƙoƙari ya sami sufabaiza na biyu a waje, ko da ta bidiyo za su riƙa ganawa.

Yaya ake zaɓen sufabaiza da batun bincike?

Buɗe arXiv ka rubuta sunansa. Yaushe ya saka takarda ta ƙarshe? Ɗalibansa na baya suna ina yanzu? Ka tambaye su a keɓe ko yana karanta abin da aka kai masa. Da ɗan gari akan ci gari.

Batu kuwa, mai kyau shi ne ƙarami wanda za a iya gamawa. Kuma kada ka raina sakamakon da ya ce «babu». Wilhelm Lenz ya ba ɗalibinsa Ernst Ising wancan lissafi na ƙananan maganaɗisu, a Hamburg. Ising ya warware shi a kan layi ɗaya a 1924, ya tarar babu wata rikiɗa, wato wancan juyawar gidaje fuska ɗaya in zafi ya sauko, ya kuma zaci a jadawali ma haka ne, wanda ba daidai ba ne. Ya bar bincike ya koma koyarwa a makaranta. Da yake Bayahude ne, mulkin Nazi ya kore shi daga Jamus zuwa Luxembourg, sai bayan ya isa Amurka a 1947 ya tarar ashe lissafin kundinsa ya zagaye duniya da sunansa. Lars Onsager ya riga ya warware na jadawali a 1944, aikinsa kuma ya tabbatar da wancan 2.269. Na mai tsawo da faɗi da zurfi har yau ba wanda ya warware shi cif da biro.

Bayan an zama dakta, yaya matakan aiki suke?

A jami'o'in Najeriya tsani ne sananne: Graduate Assistant, Assistant Lecturer, Lecturer II, Lecturer I, Senior Lecturer, Reader ko Associate Professor, sannan Farfesa. Mai digiri na uku yawanci a tsakiyar ƙananan matakan yake shiga. Akan jira aƙalla shekara uku tsakanin mataki da mataki, a duba koyarwa da hidima da takardun da ka buga. Matakai biyu na ƙarshe sai an aika ayyukanka ga farfesoshin wasu jami'o'i sun tantance. Farfesa yana ritaya a shekara 70.

A Turai da Amurka ba haka ba ne. Sabon dakta yakan yi aikin bincike na kwantiragi, shekara biyu ko uku a nan, biyu ko uku a wata ƙasa, kafin ya nemi kujerar dindindin, masu nema kuma sun ninka kujerun. Namu tsarin ya fi kwanciyar hankali, amma ya tsallake wannan zango, wanda a cikinsa ne mutum yake koyon tsayawa da ƙafarsa ba tare da sufabaiza ba. In ka sami dama, yi shi ko na shekara guda ne kafin ka dawo.

Abokaina suna buga takarda biyar a shekara, ni ɗaya ta gagare ni. Ina da matsala ne?

Wataƙila a'a. Tambayi ina suke bugawa. Akwai mujallun da za su karɓi kuɗinka su buga cikin mako guda ba wanda ya karanta, su aiko maka da takardar shaida mai ado. Irin waɗannan suna iya wucewa a wani kwamitin ƙarin girma, amma duk wanda ya san aikin a waje, da ya gan su a takardarka zai ajiye ta gefe.

Mujallun da mutanen fannin suke karantawa sun haɗa da Physical Review E da Journal of Statistical Physics da Physica A da JSTAT. Akasarin irinsu ba sa tilasta maka biya sai in ka zaɓi a buɗe takardar ga kowa, kai kuma arXiv ya riga ya yi maka wannan. Masu tantancewa za su iya riƙe ka watanni, su dawo da tambayoyi masu zafi. A wurin wanda ba shi da abokin gardama a sashensa, wannan zafin kyauta ce.

Kenneth Wilson ya yi shekaru a Jami'ar Cornell ta Amurka yana buga kaɗan ƙwarai, har sai a 1971 ya fito da hanyar da ta bayyana dalilin da ya sa ruwa a digiri 374 ƙarƙashin babban matsi da wasu nau'o'in maganaɗisu suke bin lambobi iri ɗaya a daidai wurin rikiɗarsu, alhali ba abin da ya haɗa su a zahiri. Ya sami Nobel a 1982. Ba na ba ka shawarar ka kwaikwaye shi, domin kwamitinmu ƙirga yake yi, iyali kuma suna jiran ƙarin girma. Ka riƙe aiki iri biyu: ƙanana masu tsabta da za su fita a kai a kai, da babba guda da kake dafawa a hankali.

An ce Katsina tana da tarihin lissafi. Yana da wata alaƙa da wannan?

Yana da ita, ta wata hanya da ba a zata ba. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake gina hatimin lambobi mai gidaje mara (kamar uku-uku ko biyar-biyar), wato jadawalin da kowane layi, a tsaye da kwance da karkace, yake ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741.

Yanzu ga tambaya: hatimi nawa ake iya ginawa? In ba a ƙirga juyi da madubi ba, mai gida uku-uku guda ɗaya ne tak, jimlarsa 15. Mai huɗu-huɗu 880 ne. Mai biyar-biyar 275,305,224, wanda Richard Schroeppel ya ƙirga da kwamfuta a 1973. Mai shida-shida, mai jimla 111, ya fi ƙarfin ƙirgar kwamfutocin wancan zamani. A 1998 wasu masana fiziks biyu a Jamus, Pinn da Wieczerkowski, suka ɗauki jadawalin tamkar wani abu mai zafi. Duk kaucewar layi daga 111 suka mai da ita kuzari, suka riƙa musanya lambobi da dabarar Monte Carlo suna rage zafi sannu a hankali. Hatimi na gaskiya shi ne jerin da kuzarinsa ya zama sifili, entirofi kuma, kamar yadda Boltzmann ya nuna, ƙirga ce. Suka kiyasta kusan 18 da sifili 18 a bayanta. Ɗalibin aji huɗu zai iya maimaita wannan a kan mai huɗu-huɗu ya ga ko zai kusanci 880, kuma da zan ga irin wannan furojet da na fi murna da shi a kan wanda aka kwafo.

Malam, lissafin yiwuwa bai ci karo da imani da ƙaddara ba?

Yiwuwar da ake magana a nan awo ne na abin da mai lissafi bai sani ba. Ba ka san inda kowace ƙwaya take ba, sai ka lissafa da abin da ka sani. Likita ma da ya ce magani yana yi wa mafi yawan marasa lafiya aiki, bai yi da'awar sanin gaibu ba. Abin da ya wuce nan ba a sashen fiziks ake yanke shi ba.

Ni mace ce, kuma akwai maganar aure. Zan iya?

Za ki iya. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero sai da ta yi aure ta haifi 'ya'ya sannan ta shiga jami'a, ta zama masaniyar fiziks na sararin samaniya, ta karɓi lambar yabo ta duniya ta Gidauniyar Elsevier a 2015. Deborah Ajakaiye, wadda ta koyar a ABU da Jos, ita ce mace ta farko da ta zama farfesar fiziks a Afirka. A wannan fanni kansa, Arianna Rosenbluth ce ta rubuta manhajar waccan dabara ta 1953, duk da sunan wani ne ya bi dabarar.

Aikin da ba ya ɗaure mutum a ɗakin gwaji har dare ya fi sauƙin haɗawa da gida. Inda gizo yake saƙa shi ne tafiye-tafiye: difloma ta shekara guda a waje, taro na mako biyu. Wannan magana ce da ya kamata a yi ta a fili tsakanin iyaye da mai neman aure tun kafin a sa rana.

Dole ne mai bincike ya iya koyarwa?

A wurinmu dole ne, don shi ake biyanka. Onsager dai, da duk kaifin basirarsa, Jami'ar Johns Hopkins ta sallame shi bayan zango ɗaya saboda ɗalibai ba sa gane laccarsa, daga baya ya ci Nobel a kemistiri a 1968. Kai ba ka da wannan gata. Bugu da ƙari, abokan gardamar da ka rasa, a cikin ajinka za ka raine su.

Ba a gama binciken fannin ba tun zamanin su Boltzmann?

Wanda aka fahimta sosai shi ne abu da ya natsu, zafinsa ya daidaita ko'ina. Mafi yawan abubuwan duniya kuwa ba su natsu ba: jiki mai rai, yashi mai gangarowa, cunkoson motoci, annoba mai yaɗuwa. Gilashi ma har yau ana gardamar yadda yake daskarewa.

Giorgio Parisi na birnin Rum ya karɓi rabin Nobel ta 2021 kan abubuwa masu hargitsin tsari. Shi da abokan aikinsa sun kuma ɗauki hotunan garken tsuntsaye a saman birnin, suka gano kowane tsuntsu da maƙwabta shida ko bakwai yake daidaita tafiyarsa, kusa suke ko nesa. Duk manomin da jan-baki ya taɓa sauka a gonar geronsa ya ga irin wannan garke. A 2024 Nobel ta tafi ga John Hopfield da Geoffrey Hinton kan tushen ƙirƙirarriyar basira, kuma tsarin Hopfield na 1982 ɗan uwan lissafin Ising ne, na Hinton ma sunan Boltzmann aka sa masa. Deepak Dhar na Indiya, wanda ya yi suna kan lissafin zubewar tsibin yashi, a cibiyoyin ƙasarsa ya yi aikinsa, ya kuma karɓi lambar Boltzmann ta 2022, wadda ake bayarwa duk shekara uku.

Akwai kuma lissafin ratsawa, wato yadda ruwa ko wuta ko cuta suke ratsa wuri mai ƙofofi barkatai. A jadawali mai kusurwa huɗu, in gidajen da suke buɗe ba su kai kashi 59 cikin ɗari ba, abu ba ya ƙetarawa, da sun haura sai ya ƙetare. Ruwan ƙarƙashin ƙasa da tafiyar rairayi a arewacin Daura da ƙurar hunturu duk tambayoyi ne na wannan gida, kuma suna bakin ƙofarmu.

Malam, ɗana ya nace sai wannan karatu. Zai ci abinci da shi kuwa?

Alhaji, gaskiya ita ce ba hanyar arziki ba ce, kuma doguwa ce. Digiri shekara huɗu, bautar ƙasa ɗaya, mastas wajen biyu, digiri na uku daga uku zuwa biyar, in ba a sami tsaiko ba. Albashin malamin jami'a kun san yadda yake da tsadar rayuwar yau. Abin da zai rage muku nauyi shi ne, in ya fita da sakamako mai kyau, karatun gaba da digirin farko a wannan fanni akasari da tallafi ake yin sa, ba da kuɗin gida ba. In kuka ji ana neman ku sayar da gona don a biya masa digiri na uku a fiziks na nazari, ku dakata a sake bincike.

Kuma ba jami'a kaɗai ce ƙofa ba. Wanda ya iya lissafin yiwuwa da rubuta manhaja da fitar da ma'ana daga tarin alƙaluma, bankuna da kamfanonin inshora da na sadarwa suna nemansa, haka masu hasashen yanayi da masu bibiyar yaɗuwar cututtuka da masu aikin ƙirƙirarriyar basira. Wasu daga cikin waɗannan ayyuka daga ɗaki a Katsina ake yin su, muddin akwai wuta da intanet. Ku saya masa laftof mai ɗan ƙarfi tun yana aji biyu, ku kuma riƙa neman ganin sakamakonsa na lissafi duk ƙarshen zango.